Rezin daga man tsirrai da ƙaron fayin: waken suya, linsid, zurma ko yazawa, wanne ya dace da aikinka?

Duk wanda ya taɓa haɗa Araldite ya san halin rezin mai daskarewa. Ruwa biyu ne, ka gauraya su, bayan ɗan lokaci su ƙame, kuma ko ka kai su wuta ba za su koma ruwa ba, sai dai su ƙone. Nan ya bambanta da robar bokiti ko leda, wadda ake narkawa a sake zubawa. Kamar tukunyar ƙasa ne: kafin gashi kana iya mayar da ita laka, bayan gashi kuwa sai dai fashewa. Da irinsa ake yin fentin daɓe, gam ɗin katako, jikin kwalekwalen faiba, takalmin burki, da allon da ke cikin waya da rediyo.

Kusan dukkansa daga ɗanyen man fetur yake fitowa. Mafi yawan ifoksin da ke kasuwa kuma, wato rezin irin na Araldite, da sinadarin BPA ake yin sa, wanda Tarayyar Turai ta hana a bulumbotin jarirai tun 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta faɗaɗa hanin zuwa kayan da ke taɓa abinci. Ga wannan, ga kuma dala da ke cin ribar duk mai shigo da sinadari. Shi ya sa ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke neman aikin digiri, da mai ƙaramar masana'antar fenti, da mai son matse ɓuntun shinkafa ko garin katako ya yi allo, duk suke tambaya ɗaya: in zan koma ga abin da ƙasa ke fitarwa, da wanne zan fara?

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, man tsirrai laushi yake bayarwa, ƙaron fayin kuma, wato ƙaron bishiyar da Turawa ke kira pine, tauri. Man shi kaɗai yana lanƙwashewa, ƙaron shi kaɗai yana farfashewa. Turawa sun gano haka tun a shekarun 1860, lokacin da Frederick Walton a Ingila ya haɗa busasshen man linsid, wato man irin wani tsiro da ake kira filaks, da ƙaron fayin da garin itace ya yi shimfiɗar daɓen da ake kira linoliyam. Binciken yau ci gaban wannan haɗin ne.

Ma'aunan da za ka duba

Na farko, kuma wanda ya fi raba gardama: a wane zafi abin yake ƙamewa? Wasu suna ƙamewa a kan tebur ba tare da wuta ba. Wasu sai sun yi awanni a tanderu mai zafin digiri 120 zuwa 160 a ma'aunin Salshiyas, zafin da bai hawa bai sauka. In wutar lantarkinka mai zuwa da komawa ce, ko janareta kake biya wa dizal, wannan ma'aunin kaɗai zai iya cire maka rabin jerin.

Na biyu, a wane zafi yake fara laushi bayan ya ƙame. Masana suna rubuta shi da Tg. Ƙasa da wannan zafin, rezin yana da tauri. Sama da shi, ya zama kamar fata. Rezin mai Tg na digiri 45 zai yi kyau a ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya iska, amma ka ɗora shi a rufin mota a Sakkwato cikin watan Afrilu, inda baƙin abu a rana kan haura digiri 60, ka ga yadda zai saki jiki. Ifoksin fetur da aka gasa da kyau yana tsakanin 120 da 180.

Na uku, kuɗi da samuwa. Kada ka duba farashin man kaɗai. Ka haɗa da hadina, wato sinadarin da ke ƙamar da shi, da asid, da wuta, da abin da zai lalace kafin hannunka ya faɗa.

Na huɗu, ƙarko a gaban ruwa, rana da siminti. Man tsirrai yana da wani rauni na asali: sinadari mai kaifin kanwa yana tsinka ɗaurin da ke riƙe da shi, wanda shi ne dalilin da ake iya yin sabulu da shi. Ɗanyen siminti kuwa irin wannan kaifin gare shi.

Na biyar, haɗari ga mai aikin. Fitowar abu daga tsiro ba ta sa shi zama marar cutarwa, kuma sau da yawa hadinar ce mai dafin.

Akwai na shida ga mai son rubuta wa kayansa cewa daga tsirrai suke: kashi nawa ne da gaske? Ana auna wannan da gwajin ASTM D6866, wanda ke ƙirga kabon-14. Rezin da yawa da ake tallatawa da sunan na tsirrai ba su kai rabi ba. Kuma ko da kashi ɗari ne, in ya ƙame ba ruɓewa zai yi a bola kamar ganye ba.

Kafin mu shiga jerin, ga wata lamba da za ta hana ka ɓata wata shida. Ba kowane mai ke yin rezin ba. Abin da ake buƙata shi ne wuraren da ƙwayar man ke da ɗauri mai ruɓi biyu, domin nan ne ake kama ta a ɗaure da 'yar'uwarta. Ana auna yawansu da lambar aidin. Ta linsid tana tsakanin 170 da 200, ta waken suya 120 zuwa 140, ta man angurya 100 zuwa 115, ta man gyaɗa 80 zuwa 105, ta manja 50 zuwa 55, ta man kwakwa kuwa wajen 10. Ɗalibai kan ɗauki manja ko man kaɗanya saboda suna kusa, a ƙarshe su samu wani abu mai danƙo da ya ƙi bushewa. Laifin ba na hannunsu ba ne, man ne bai da wuraren kamu.

Man waken suya da aka mayar ifoksi

Shi ake kira ESO, kuma shi ne mafi araha a duk jerin, domin masana'antun robar PVC sun daɗe suna sayensa da tan-tan don tausasa kayansu. Ana iya sayensa a shirye, ana kuma iya yin sa a ɗakin gwaji: a zuba man da asid ɗin fomik, a riƙa ɗiga haidurojin faroksaid a hankali, a tsare zafi tsakanin digiri 50 da 65 na wasu awanni, sannan a wanke har asid ya fita, a busar. Wurin ɗigawar nan ne haɗarin yake. Haɗin da kansa yake haifar da zafi, kuma in ka yi gaggawa ka juye faroksaid gaba ɗaya, zai tafasa ya yi ambaliya. Ana yin sa ne da kwanon ruwan sanyi a gefe da ma'aunin zafi a ciki. Mai kyau yana da iskar oksijin ta ifoksi wajen kashi 6.5 zuwa 7 cikin ɗari, kuma wannan lambar ce za ka tambayi mai sayarwa.

Matsalarsa ita ce kasala. Wuraren kamunsa a tsakiyar doguwar sarƙar man suke, a ɓoye, saboda haka hadinar amin da ke ƙamar da Araldite cikin awa guda kusan ba ta yi masa komai a zafin ɗaki. Sai an koma ga hadinar anhaidiraid da tanderu. Ko bayan haka, Tg ɗinsa yawanci bai wuce 30 zuwa 70 ba. Ba ya fashewa da sauƙi, amma ba ya ɗaukar nauyi.

Inda ya fi amfani, a ganina, shi ne a matsayin ƙari. Ka zuba kashi 10 zuwa 30 cikin ifoksin fetur: haɗin zai rage kauri, ya rage saurin tsagewa, ya rage kuɗi, kuma ya ƙame a zafin ɗaki yadda ka saba. In ka wuce haka, tauri zai fara zubewa. Sai kuma a tuna cewa waken suya abinci ne. Duk tan ɗin da ya tafi rezin, masu man girki da masu awara da masu kaji a Kaduna da Binuwai suna neman irinsa, kuma farashinsa da nasu yake tafiya.

Akwai ƙaninsa, AESO, wanda ake samu in an ƙara wa ESO asid ɗin akirilik. Richard Wool na Jami'ar Delaware a Amurka ya yi shekaru a kansa, har ya samu lambar yabon shugaban ƙasa kan sinadarai marasa gurɓata muhalli a 2013. Shi yana ƙamewa da faroksaid ko da hasken UV, shi ya sa masu banishin katako da tawadar ɗab'i suke son sa. Amma yana da kauri ƙwarai, kuma don a zuba shi a faiba akan sirka shi da sitairin wajen kashi ɗaya cikin uku. Sitairin shi ne warin nan mai hawa kai da ake ji a shagon masu gyaran bamba da faiba, kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar. Ke nan an kori fetur ta ƙofa ya dawo da kashi ɗaya cikin uku.

Man linsid

Linsid, wato man irin filaks, shi ne babban yayan waken suya a wannan aiki. Kowace ƙwayarsa tana da wuraren kamu sama da shida, waken suya kuwa huɗu da rabi. In an mayar da shi ifoksi, ELO, oksijin ɗinsa kan kai kashi 9, saƙar ta fi matsewa, kuma da anhaidiraid Tg na iya haura 100. A cikin mayukan da aka saba da su, shi ne ya fi kusantar ifoksin gaske.

Sauran halayensa irin na ESO ne: tanderu dole, rauni a gaban kanwa. Ya fi tsada, kuma shigo da shi ake yi, domin manyan masu nomansa su ne Rasha, Kazakistan da Kanada. Yana yin rawaya in ya daɗe. Haɗari guda da ya keɓanta da ɗanyen man: tsumman da aka goge shi da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwana, yana iya kama wuta da kansa, domin man na shan iska yana fitar da zafi. A shanya tsumman a buɗe ko a nutsar da shi a ruwa.

Mai son abin da ke kusa da wannan daga cikin gida ya duba man irin roba na Edo da Delta, wanda lambar aidin ɗinsa ta kai 130 zuwa sama kuma ba a cin sa. Cibiyar binciken roba da ke Iyanomo kusa da birnin Benin ta daɗe tana aiki a kansa. Sai dai yana saurin tsami in irin ya kwana biyu a ajiye.

Man zurma

Wannan daban yake da duk sauran, kuma shi ne na fi ba wa mai ƙaramin jari shawara ya fara dubawa. Kusan kashi 90 na man zurma asid ɗin risinoleyik ne, wanda Allah ya halitta da hannun kamu a jikinsa. Ba ka buƙatar faroksaid, ba ka buƙatar mayar da shi komai. Ka haɗa shi kai tsaye da hadinar aisosayanet, yawanci wadda ake kira MDI mai ruwan ƙasa, ya zama foliyuritan a zafin ɗaki. Lissafin ma mai sauƙi ne: giram 100 na man zurma na buƙatar kimanin giram 40 na MDI. Wato wajen kashi 70 na abin da ka zuba daga gona yake.

Abin da ke fitowa ba dutse ba ne. Tg ɗinsa yana kusa da zafin ɗaki ko ƙasa da shi, saboda haka yana da taurin tafin takalmi, yana lanƙwasa ya dawo. Don teburin da zai ɗauki nauyi bai dace ba. Don daɓe, toshe yoyon rufi, rufe kayan lantarki kada ruwa ya shiga, da manne garin katako ko ɓuntu a yi allo, da wuya ka samu wanda ya fi shi a wannan farashin. Ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. A Birazil, Gilberto Chierice na Jami'ar São Paulo ya kai shi har ga yin abin cike gurbin ƙashi a jikin mutum, kuma masu binciken allon katako a can da shi suke yawan aiki.

Abokin gabarsa danshi ne. MDI ya fi son ruwa a kan mai, kuma in ya same shi sai ya fitar da iska. Za ka zuba haɗi sumul, ka juya baya, ka dawo ka tarar ya kumbura da ƙananan kumfa, samansa duk ƙuraje. Haɗin da ya fito lafiya cikin hunturu shi ne zai ba ka kunya a watan Agusta. Maganin shi ne a dumama man zuwa digiri 100 ko 110 ruwan ya fita, a busar da garin katakon sosai, a rufe galan ɗin MDI da zarar an ɗiba. Rana kuma tana sa shi yin rawaya.

Haɗarin na gaske ne ta fuska biyu. Aisosayanet yana jawo asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya tsane shi, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Tun Agustan 2023 Turai ta wajabta horo ga duk ma'aikacin da ke taɓa shi. Safar hannu da iska mai wucewa dole ne, fesa shi kuwa ba aikin takunkumin ƙyalle ba ne. Ta ɗaya fuskar, in kai za ka matse irin, tunkuzar tana ɗauke da gubar risin. Ba ta shiga man, amma kada akuya ko yaro su kai gare ta.

Zurma tana fitowa da kanta a bayan gari da bakin kududdufi a ƙasar Hausa, kuma cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tana aiki a kan irinta. Duk da haka man da masana'antu ke amfani da shi a duniya mafi yawansa daga Indiya yake, musamman jihar Gujarat, kuma ya fi man waken suya tsada. Na gida yakan zo da ruwa da tsami da yawa, sai an tace.

Ƙaron fayin

A kasuwar sinadarai sunansa rozin. Ba ƙaron da muka sani na dakwara ba ne, wanda ke narkewa a ruwa ake sa wa tawada. Wanda ya sayi wancan da nufin wannan ya yi asara. Mai son ganin rozin ya leƙa teburin mai gyaran waya a Farm Centre a Kano: wannan dunƙulen mai ruwan zuma da yake dangwala bakin ƙarfen soda a ciki, hayaƙi mai ƙamshin itace ya tashi, shi ne. Ana samunsa ta hanya uku: a tsaga jikin bishiyar fayin a tari ruwanta, ko a tsamo shi daga ragowar masana'antar takarda, ko daga tsofaffin kututture. Duniya na fitar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma Sin, Birazil da Indonesiya su ne manya a na tsagawa. Ana sayar da shi daraja-daraja bisa haskensa, WW ya fi WG, WG ya fi N.

Kusan kashi 90 nasa asid ne, mafi yawansa na dangin abiyetik, kuma ƙwayarsa zobba uku ce a manne, ba ta lanƙwasa. Wannan taurin ne masu bincike suke so, domin shi ne abin da BPA ke ba ifoksi, shi ne kuma abin da man tsirrai ya rasa. Amma ɗanyensa ba ya yin komai: yana laushi a digiri 70 zuwa 80, yana farfashewa in ya huce. Sai an dafa shi da maleyik anhaidiraid a wajen digiri 180 zuwa 200, ya zama asid ɗin maleyofimarik, MPA, wanda shi kansa hadina ne. Jinwen Zhang na Jami'ar Jihar Washington da abokan aikinsa suna cikin waɗanda suka nuna cewa irin wannan hadinar tana iya tsayawa a gurbin ta fetur.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko, ka ƙamar da ESO ko ELO da MPA. Nan ne haɗin mai da ƙaro ya cika: tauri da Tg suna hawa sama da abin da man zai bayar da hadina mai laushi, kuma kason tsirrai ya yi sama sosai, domin ɓangarorin biyu duka daga itace da gona suke. Kana iya juya ma'auni, ka ƙara ƙaro ka samu tauri, ka ƙara mai ka samu juriya. Ta biyu, ka mayar da ƙaron kansa ifoksi, ka ƙamar da shi da ƙaro. An samu Tg sama da 150 ta haka, daidai da na fetur. Sai dai yana da saurin tsagewa, kuma sai an yi aiki da efikulorohaidirin, sinadari mai guba da bai kamata ya shiga ɗakin da ba shi da injin zuƙe hayaƙi ba.

Wahalar da takardun bincike ba su cika tsayawa a kanta ba ita ce gaurayawa. MPA gari ne da ba ya narkewa sai zafi ya haura 220. Mai kuwa ruwa ne. Don su haɗu sai ka narkar da garin a asiton ka zo ka fitar da asiton ɗin, wanda in ya rage zai bar ramuka, ko ka gauraya da zafi kana tsere da lokaci kada ya fara ƙamewa a tukunya. A giram 50 abin wasa ne. A kilo 50 wani aiki ne daban.

Farashinsa ba shi da tabbas, domin ya dogara da ruwan sama da samun masu tsaga itace. Tsakanin 2009 da 2011 ya fi ninki biyu. Ka saye shi dunƙule, kada ka sayi gari, domin garin yana shan iska ya yi duhu ya rage kyau, ƙurarsa kuma tana kama wuta. Yana sa wasu ƙaiƙayin fata, hayaƙinsa kuma sanannen mai jawo asma ne ga masu aikin soda.

Man ɓawon yazawa

Duk wanda ya tashi inda ake gasa ƙwallon yazawa ya san wannan baƙin ruwan da ke tsartuwa a wuta, wanda yara kan rubuta suna da shi a hannu ya bar tabo. Shi ne CNSL, kuma ya kai kashi 20 zuwa 25 na nauyin ɓawon. In an dafa shi aka tace ana samun kadanol, wanda ke da zobe mai tauri a kai da doguwar jela mai laushi. Wato abin da ake nema ta haɗa mai da ƙaro, shi ya zo da rabinsa a jiki ɗaya.

Ba sabon abu ba ne a masana'antu. An daɗe ana sa garinsa a takalmin burki, ana maye wani kaso na finol da shi a gam ɗin filawud, kuma kamfanin Cardolite na Amurka ya yi suna da hadinar finalkamin da ake yi da shi, wadda ke ƙamar da ifoksi ko a kan ƙarfe mai danshi, ko cikin sanyi. Shi ya sa fentin jiragen ruwa da bututu ke amfani da ita. A juriyar ruwa da kanwa ya fi duk mayukan da ke sama, domin ba shi da wancan raunin na sabulu. Gara ma ba ta son sa.

Aibinsa a fili yake. Baƙi ne ko ja mai duhu, ba za ka yi farin fenti ko teburi mai gani-har-hanji da shi ba. Ɗanyensa yana ƙona fata. Gam ɗinsa na buƙatar fomaldihaid, wanda tabbataccen mai jawo cutar kansa ne, da injin matsa mai zafi. Hadinarsa kuma ifoksin fetur take ƙamarwa, saboda haka kason tsirrai a ƙarshe bai kai rabi ba. A kuɗi kuwa ɗanyensa na cikin mafi araha, tunda shara ce. Abin takaicin shi ne, mafi yawan yazawar Kogi, Kwara da Oyo da ɓawonta ake loda ta zuwa Biyetnam da Indiya, man ya tafi kyauta, mu sayo hadinar da dala.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙamewa | Tauri da jure zafi | Jure ruwa da kanwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| ESO | mafi araha | tanderu | kaɗan | matsakaici | tafasar faroksaid |
| AESO | matsakaici | faroksaid ko UV | matsakaici | matsakaici | sitairin, asid ɗin akirilik |
| ELO | mai tsada | tanderu | mai kyau | matsakaici | faroksaid, tsumma mai kama wuta |
| Zurma da MDI | matsakaici | zafin ɗaki | mai lanƙwasa | mai kyau ga ruwa | asma, gubar tunkuza |
| Mai da MPA | yana hawa da sauka | tanderu | mai kyau | matsakaici | ƙaiƙayi, hayaƙi, asiton |
| Ƙaro zalla | mai tsada | tanderu | mafi girma, amma yana tsagewa | mai kyau | efikulorohaidirin |
| Yazawa | ɗanye araha, tatacce tsada | ɗaki ko injin matsa | matsakaici zuwa mai kyau | mafi kyau | ƙunar fata, fomaldihaid |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In ba ka da tanderu ko tsayayyar wuta, zaɓinka uku ne: zurma da MDI, ifoksin kasuwa da hadinar yazawa, ko ifoksin kasuwa da aka ƙara wa ESO kaɗan. Sauran ka bar su tukuna.

Mai son yin allo daga ɓuntun shinkafa, garin katako ko karan dawa ya ɗauki zurma. Ba ta da fomaldihaid, allon ba ya saurin kumbura in ya jiƙe, kuma matsi mai ɗan ɗumi ya ishe ta. Ya kashe kuɗinsa a kan busar da kayan.

Mai fentin tankin ƙarfe, bututu, ƙofar da ruwa ke duka, ko daɓen siminti da bai gama bushewa ba, yazawa ce tasa, muddin mai aikin ya yarda da launi mai duhu. Kada ya sa ifoksin waken suya a kan ɗanyen siminti.

Mai zuba teburi ko kayan ado masu haske, wanda kawai yake son rage kuɗi da tsagewa, ya ƙara ESO kaɗan a ifoksin da ya saba, ya fara da kashi 10, ya gwada ɗan gutsure a rana kwana biyu kafin ya zuba babba. Mai banishin katako da ke da fitilar UV ya nemi AESO.

Abin da zai zauna kusa da inji, ko a rufin mota, ko ya ɗauki nauyi cikin zafi, ELO ne da anhaidiraid ko da MPA. In ran mutum zai rataya a kansa, kamar sassan abin hawa, a tsaya ga ifoksin da aka riga aka gwada aka ba shi takarda.

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku kuwa, haɗin mai da ƙaron fayin ya fi ba shi filin aiki, musamman in ya ɗauko man da ba a ci, irin na roba ko angurya, ya auna yadda Tg ke sauyawa da yawan MPA. Kafin ya rubuta takardar neman amincewa, ya tabbatar akwai inda zai auna Tg ɗin, ko a jami'arsa ko a cibiya irin NARICT, ta binciken fasahar sinadarai da ke Zariya, ya kuma nemo maleyik anhaidiraid ya riƙe a hannu, domin shi ne yakan tsayar da aikin.